Fararen Ɓerayen da Suka Ƙi Shiga Duhu

Cikin kwanakin aikina duka, wadda ta ƙi barin kaina ita ce wata Laraba da na tsaya gaban yarinya sa'ar 'yar autata, na ce mata ni ce na ɓata mata aikin wata biyu. Ku da kuka zo aikin nan kwanan nan kuna ganina da farar riga da furfura, Inna Hassu kaza, Inna Hassu kaza, kamar ban taɓa yin kuskure ba. To ku gyara zama. Ban yi lakwal ba, makarantar boko, ko na yini ɗaya, amma abin da zan gaya muku ba ya cikin takardunku.

Ni mutuniyar Waca ce, aure ya kawo ni Magariya. Bayan rasuwar maigida ina sayar da ƙuli-ƙuli a bakin tasha, sai aka ce mini wasu 'yan boko sun kama gida bayan kasuwa, suna neman mace mai tsabta wadda ba ta tsoron ɓera. Na ce kashe su za a yi? Aka ce a'a, reno za a yi. Na yi dariya har na ƙware, amma washegari na je, don in ga masu renon ɓera da idona.

Dalilin aikin ba na wasa ba ne. Daga Mallawa har Dungas manoma kuka ɗaya suke: ka sa wa ɓera magani a rumbu, wanda ya lasa bai mutu ba, ba zai ƙara kusantar wannan abincin ba, ko ka yi masa miya a kai. Su kuma masu binciken suna son su san tsawon lokacin da ɓera yake riƙe abin da ya cuce shi. Kwana ɗaya ne, mako ne, ko wata. In an san haka, a san yadda za a yi da na rumbu.

Ga yadda muke a jere. Can sama akwai Shef, yana Damagaram, wata-wata yake leƙo mu. Ƙarƙashinsa Madam Mariyama, ita ce mai aikin, tana neman babban diplom ɗin nan da in mutum ya samu ake ce masa dokta ko da bai iya allura ba. Ƙarƙashinta Lawali, mai haɗa waya da gyaran na'ura. Ƙarƙashin Lawali sai ni. Ƙarƙashina ɓeraye, ko da yake in aka duba irin abincin da suke ci da fankar da ake kunna musu ni ina zufa, wannan jerin na ƙarshe akwai magana a kansa.

Ɓerayen ba irin namu ba ne. Farare ne tas, idonsu ja, daga Yamai aka kawo su cikin mota kamar 'ya'yan manya. Aikina in ba su abinci da ruwa, in canja musu ɓawon gyaɗar da suke kwanciya a kai, in share ɗaki. Ana rubuta wa kowane lamba a wutsiya, to ni lamba ba ta yi mini magana, kuma tawadar ba ta kwana huɗu sai ta goge. Na ce da Madam ta bar ni in sa musu lalle. Farin gashi ai shi lalle yake so. Wannan ɗigo ɗaya a kafaɗa, wancan biyu a gindin wutsiya, wani a tsakar ka. Ta gwada ta ga yana wata bai fita ba, ta rubuta shi cikin kayenta, littafin da take rubuta kome. Ku lura, dabarata ce wannan, tun kafin mu zo wurin da ba dabara.

Sai akwatin gwaji, wanda Lawali ya haɗa da hannunsa yana ji da shi kamar ɗan fari. Ɗaki biyu ne a cikinsa, da 'yar ƙofa tsakani. Ɗaya fari da ƙwan lantarki, ɗaya baƙi ƙirin, ƙasansa siraran sandunan ƙarfe. Ɓera ba ya son haske, kowa ya san wannan. Ranar farko in an ajiye shi a ɗakin haske, kafin ka gyara ɗankwali ya faɗa mai duhun. Sai a rufe ƙofa, a sakar masa ɗan kuran, wutar lantarki, a ƙafa, kaɗan, kamar cizon cinnaka. Na sa yatsana na ji kafin in yarda in tsaya a wurin. Shi ke nan a mai da shi kejinsa. Washegari a sake ajiye shi a ɗakin haske, wannan karon ba kuran, Madam na riƙe da agogo. In ya yi minti biyar bai shiga duhu ba, ya tuna. Wasu a gwada su bayan mako, wasu bayan wata. Kowane ɓera da ranarsa, kuma ranar ba ta dawowa. In ranar talatin ta lalace, ba a ce a sake gobe.

Tsakanin ɓera da ɓera kuwa ni ce. Madam takan koma ɗaya ɗakin ta auna nauyin na gaba ta yi rubutu, ni in ɗauki tsumma da wata kwalbar roba mai farin ruwa, in goge akwatin ciki da bai, sanda-sanda, a jira ya bushe. Sunan ruwan alkol. Ranar da na fara aiki Madam ta ce, "Inna, bayan kowane ɓera ki goge da wannan." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ni ma ban tambaya ba. Mace ta ce ki goge abu, don me kuma in ba don dauɗa ba?

Lawali sa'an jikana ne, don haka wasan jika da kaka muke yi. Shi ya ce mini amarya, ni in ce masa angon da ba ya cefane. Wata Alhamis dab da azahar ina cikin goge akwati, warin abin ya hau mini hanci na yi atishawa, sai ya leƙo.

"Amarya, a hankali dai, kar ki bugu a bar ni da ɗaukar ki."

"In bugu da me?"

"Da abin da ke hannunki mana. Ba ki sani ba? Abin da ke cikin giya yana juya wa mutane kai, ai shi ne wannan. Tsantsarsa ma kike riƙe da shi."

Ya yi dariyarsa ya wuce. Ni kuwa tsumma ya faɗi daga hannuna. Wata nawa ina dama hannu cikin abin nan, in fita in yi alwala in ta da salla? Na wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari, na sake da toka. Na kwana biyu ina juya maganar. In tambayi Madam? Tsohuwa kamata ta je tana tambayar yarinya abin da ya shafi sallarta, a ce ga ƙauyanci ya tashi. In ƙi aikin? Ba na son a ce Hassu ta gaza. Sai na yanke wa kaina hukunci ni kaɗai, ina jin daɗin hankalina. Na ce tsabta Madam take so, tsabta kuwa ba wanda zai koya mini ita. Na samo wata kwalba irin waccan da babu kome ciki, na cika ta da ruwan randa, na tura ta alkol bayan buhun abinci. Na riƙa dirzar akwatin da ruwa har yana ƙyalli fiye da da. Ba wanda ya lura, don shi alkol ko ma an shafa, kafin Madam ta dawo warinsa ya gushe.

Litinin ta zo da sababbin ɓeraye, waɗanda ba su taɓa ganin akwatin ba. Na farko ya faɗa duhu da gudu, ya sha cizonsa. Na goge. Na biyu ya ɗan tsaya kafin ya shiga. Na uku ya daɗe. Daga na biyar kuwa sai suka ƙi. Ɓera ya zo bakin ƙofa, ya tsaya, ya juya ya koma lungun haske ya takure kamar wanda ya sha kuran sau goma. Madam ta dubi agogo, ta dubi ɓera, ta dubi kaye.

"Wannan bai taɓa shiga ba. Me yake tunawa?"

Washegari haka, jibi haka. A makon kuma ranar talatin ta tsofaffin ta cika, waɗanda aka yi wata guda ana jira. Duk suka ƙi shiga. Da ba don sababbin ba, da Madam ta yi murna ta ce sun tuna. Amma tunda wanda bai san kome ba ma yana ƙi, wa zai rantse cewa tunawa ce ta hana tsofaffin? Aikin ya zama ba kai ba gindi.

Ni aka fara duba, ban kuma ji haushi ba sai daga baya. Madam ta ce, cikin ladabi dai, "Inna, ko wajen canja ɓawon gyaɗa an haɗa tsofaffi da sababbi?" Na ce ta rufe lambobin kejin da hannunta. Na riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya ina gaya mata: wannan mai ɗigo biyu a kafaɗa ya zo da motar farko, ba ya cin abinci sai ya juya baya, wannan ta tsakar ka sabuwa ce, mai cizon kwanon ruwa. Tana dubawa cikin kaye, ban kuskure ko ɗaya ba. Ta ba ni haƙuri. Na karɓa ina hura hanci, na ce ni da na yi kiwon awaki tun ban yi wayo ba, ba ɓera ne zai ɓace mini ba. Wallahi a ranar ko kusa ban kawo ruwan randa a raina ba.

Sai zargi ya koma kan akwatin. Aka ce ko kuran yana ɗan zuba a sandunan ko da an kashe, ɓerayen suna ji a ƙafa tun daga bakin ƙofa. Lawali ya kwance akwatin nan kaf, kwana uku yana bin waya ɗaya-ɗaya da 'yar na'urarsa mai allura. Bai sami kome ba. Ya ɗaure, aka gwada, suka ƙi. Ina shara na ji Madam tana waya da Shef, muryarsa na fitowa. Ya ce in akwatin ne, to duk abin da aka auna tun farko a zubar, a kuma nemo wani mai haɗa waya daga Yamai. Ya ce yana nan tafe ranar Alhamis.

Daga ranar Lawali ya daina ce mini amarya. Ya shigo da safe ya ce, "Ina kwana, Inna," ya wuce. Matarsa ko arba'in ba ta yi da haihuwa ba. Madam kuma ta rame a tsaye, shayi kawai take sha. In aikin ya zube, shekararta ta zube.

Litinin ta gaba Madam ta ce a sake gwada wani sabo, ko Allah zai sa. Wannan karon ban fita ba, na tsuguna ina kallo, ba agogo nake kallo ba, ɓeran. Ya taho da saurinsa kamar zai shige. Yana isa bakin ƙofa ya sa hanci ƙasa, kan sandar farko. Gashin bakinsa ya yi rawa. Ya ɗaga kai, ya sake sunsunawa, sai ya ja da baya a hankali, ciki a ƙasa. Ƙafarsa ko taɓa ƙarfen ba ta yi ba.

Na san wannan ja da bayan. A gidan aurena na gan shi, bakin rumbunmu. Marigayi maigida in tarkonsa ya kama ɓera, ba ya sake ɗana shi sai ya hura wutar ƙaiƙayi ya gasa shi a kai. Na taɓa ce masa wannan wace irin wahala ce, ka wanke da ruwa mana. Ya ce ruwa ba ya fitar da shi. Wanda tarko ya kama yana barin fitsarin tsoro a jikin ƙarfen, 'yan'uwansa na zuwa su ji, ba mai kusantowa.

Nan na gane. Ashe alkol ɗin nan ba don dauɗar da ido ke gani ba ne. Ni ina ta dirza ina yaba kaina, ashe warin nake shimfiɗawa sanda-sanda, har bakin ƙofa.

Ina so in ce muku nan take na miƙe na faɗa. Ban miƙe ba. Na yi Litinin, na yi Talata, bakina a rufe. Har na yi tunanin in mai da kwalbar alkol wurinta shiru, in sa leda a hannu in goge, ɓeraye su koma shiga, kowa ya ce ikon Allah. Amma da na yi haka, Shef zai ce kwance akwatin da Lawali ya yi ne ya gyara shi, wato da can a lalace yake. A zubar da aikin farko duka, a sallami yaro. Ni da na tsaya ina cika baki a kan lalle da kiwon awaki.

Laraba da hantsi na ɗauko kwalba biyun na dire su kan tebur gaban Madam. Lawali na gefe yana naɗe waya.

"Madam, sunsuna wannan. To sunsuna wannan."

Ta sunsuna, ta dube ni.

"Wannan ai ruwa ne, Inna."

"Na randa. Da shi nake goge akwati yau kwana goma sha biyu. Akwatin Lawali lafiyarsa lau. Ɓerayenki ba tunawa suke ba, wari suke ji."

Na gaya mata na tarkon marigayi, na gaya mata na salla. Ban rage kome ba sai sunan wanda ya ce mini giya ce. Shi ya fallasa kansa, ya dafe kai ya ce, "Wayyo, Inna, wasa fa nake yi."

"Wasa ne ko ba giyar ba ce?"

"To... ita ce, amma ba ta sha ba ce."

"Ka ji. Da ka ƙarasa maganar a ranar ai da ba mu zo nan ba."

Madam ta ɗauki kwalbar alkol. Ta tashi ta sa safar hannu, ta goge akwatin da kanta da alkol, sau biyu, muka jira ya bushe. Ta ce in ɗauko sabo cikin 'yan kaɗan da suka rage ba a taɓa ba. Na ɗauko wata mai ɗigo a kunne. Aka ajiye ta a haske. Ta juya sau ɗaya, ta faɗa duhu kamar an kira ta. Aka goge, aka kawo wani. Shi ma haka. Lawali ya zauna a ƙasa daɓas yana dariya, idonsa da ruwa.

Madam ta cire safar ta zauna. Na tsaya ina jiran sallama, har na riga na tuna inda na ajiye kaskon ƙuli-ƙulina.

"Inna, me ya hana ki tambaye ni?"

"Girma," na ce. "Da kunya. Na ce za ki ce ban yi lakwal ba."

"Ni ma salla nake yi, Inna. Da kin faɗa, da na ba ki safar hannu, ko in sa wani ya riƙa gogewa." Ta juya bik ɗin rubutunta a hannu. "Amma rabin laifin nawa ne. Na ce ki goge, ban ce miki don me ba. Na rubuta nauyin ɓera, na rubuta zafin ɗaki, na rubuta har lallenki. Abin da ke cikin tsummanki ne kawai ban taɓa dubawa ba."

Na ce, "To na gode da kika ɗauki rabi. Sauran rabin kuma ba ni kaɗai zan ɗauka ba, ga mai baki nan zaune."

Shef ya zo Alhamis, Madam ta gaya masa kome a gabana, ba ta ɓoye ni ba, ba ta kuma jefa ni ba. Ya sa na maimaita masa labarin gasa tarko, yana gyaɗa kai. Na ce ko mu ma mu riƙa yi wa akwatin hayaƙin ƙaiƙayi, a huta da alkol? Ya ce hayaƙi ma wari ne, ɓera zai tsaya yana tunaninsa. Na ce to, shawara ce dai na bayar, kyauta.

Asara an yi ta, kar ku ce labarin ya ƙare da daɗi kawai. Sababbin nan da tsofaffin ranar talatin duk an cire su daga aikin. Sai da aka jira wasu suka haihu suka girma, aka faro wannan sashen daga tushe. Madam da za ta kare aikinta gaban malamanta kafin damina, sai bayan kaka ta yi. Duk tsawon watannin nan kullum ina ganinta, kuma ba ta taɓa goranta mini ba ko da wasa. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Aikin farko dai ya tsira, Lawali ya tsira da aikinsa. Hukuncinsa, tun daga ranar shi ke goge akwati bayan kowane ɓera, ni ina tsaye a kansa ina nuna masa lungun da ya tsallake. Na je na tambayi malamin unguwarmu zancen sallolina na baya, ya ba ni amsar da ta kwantar mini da hankali, amma ban gaya wa Lawali ba, don kar ya ce in karɓi tsummana.

To abin da na koya ke nan, ku riƙe. A wannan aikin babu ƙaramin hannu. Mai shara ma yana cikin gwajin, ko ya sani ko bai sani ba. In kun canja wani abu, ko tsumma ne, ko wurin da keji yake, ku faɗa kafin a tambaye ku. Kuma in ɗan boko ya ce ku yi abu, ku tare shi a bakin ƙofa ya gaya muku dalili. Suna da dalilin, ba mugunta ba ce, mantawa suke yi cewa ba a haifi kowa da shi ba. Su kuma in sun ga tsohuwa ta yi shiru da yawa, su tambaye ta me ta gani.

Madam yanzu dokta ce, in ta zo Magariya gidana take fara sauka. Rabin laifinta ba ta taɓa musun sa ba. Namu rabin ne har yau ba a gama rabawa ba. Ko makon jiya na haɗu da Lawali wajen masu tattasai, ya ce shi magana ɗaya tak ya yi, ni kuwa kwana goma sha biyu na yi ina aikatawa. Na ce masa ya je ya yi tunani, in ya shirya ɗaukar kaso mafi girma ya san gidana.